Tsutsar Masara da Maganin Sida: Tarihin Furotin Masu Kwafar Gadon Uwa

Ƙwayar maganin sida da aka fi bayarwa yau a likitocin ƙasar Nijar, daga Yamai har Gidan Rumji da Agye da Gazawa, guda ɗaya ce a wuni, kuma magani uku ne a cikinta: tenofobir da lamibudin da dolutegrabir. A tsakiyar shekarun 2000 ba ita ake sha ba. Wadda aka fi rabawa a Afirka a wancan lokaci sunanta Triomune, safe da yamma ake shanta. Ita ma magani uku ce a haɗe, sai dai ɗayansu, istabudin, wanda likitoci ke rubutawa d4T, ya bar tabo a jikin mutane da yawa. Tafin ƙafa ya riƙa zugi da raɗaɗi, ko kuwa ya mutu ba ya jin komai. Kumatu su faɗa, hannu da ƙafa su tsotse. Mutum ya tsira da ransa, amma fuskarsa tana tona asirin da yake ɓoye wa maƙwabta. Wasu kaɗan kuma jininsu kan yi tsami farat ɗaya, numfashi ya yi sama, kafin a ankara rai ya yi halinsa.

Tushen wannan lahani wani furotin ne da ke cikin jikin kowane ɗan Adam, sunansa folimeras gama. Ba a iya auna abin da magani ke yi masa dalla-dalla ba sai da masana suka koyi yadda za su ƙera shi da kansu a ɗakin gwaje-gwaje, mai yawa kuma tsantsa. Tafiyar ta ɗauki fiye da ƙarni guda, ta bi ta Jamus da Suwidin da Ingila da Amurka, kuma a tsakiyarta akwai tsutsar nan da manoman Gulbin Maraɗi suka sani a cikin kunnen masararsu.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ɗaya akwai waɗansu ƙananan jakunkuna da ake kira mitokondiriya. A nan ake haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa a fitar da ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi, tsoka ke motsi, ƙwaƙwalwa ke tunani. Albert von Kölliker ya hango su a cikin tsoka tun shekarun 1850. Richard Altmann ya bayyana su a 1890, har ya yi zaton wasu halittu ne masu zaman kansu da ke rayuwa cikin ƙwayar halitta, zancen da mutanen zamaninsa ba su ɗauka da muhimmanci ba. Carl Benda ne ya raɗa musu sunan da suke ɗauke da shi a 1898. Sai ƙarshen shekarun 1940 Albert Lehninger da ɗalibinsa Eugene Kennedy suka tabbatar cewa a cikinsu ake ƙona kitse da sauran abinci.

Abu biyu suka faru a birnin Istokholm a farkon shekarun 1960. A 1962 likita Rolf Luft ya wallafa labarin wata mata da ke yawan gumi, jikinta kullum da zafi, tana cin abinci sosai amma ba ta ƙiba, kuma babu wata matsala a maƙoƙonta. Ya gano mitokondiriyar tsokarta ce ke ƙona abinci ba kai ba gindi. Wannan shi ne karo na farko da aka jingina wata cuta ga mitokondiriya. Shekara guda bayan haka, a 1963, Margit Nass da mijinta Sylvan Nass suka duba mitokondiriyar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai da madubin lantarki, suka ga zaren DNA, wato rubutun gado, a ciki. Kafin nan an ɗauka duk rubutun gado a wuri ɗaya yake, a cibiyar ƙwayar halitta. Ashe akwai wani ɗan ƙaramin kundi a gefe. Lynn Margulis ta kafa hujja da wannan a 1967 ta farfaɗo da zaton Altmann, ta ce asalin mitokondiriya bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwayar halitta ta zauna. Yau wannan shi ne ra'ayin da masana suka tsaya a kai.

A 1981 ɗakin gwajin Frederick Sanger da ke Kambirij ya karanta wannan ɗan kundi daga farko har ƙarshe. Zobe ne mai harafi 16,569, ɗauke da umarnin gado 37, kuma 13 ne kawai daga cikinsu ke ƙera furotin. Idan aka gwada shi da harafi kusan biliyan 3 na cibiyar ƙwayar halitta, ba a bakin komai yake ba. To amma waɗannan furotin 13 suna tsakiyar aikin samar da ƙarfi, in babu su komai ya tsaya. Shekara guda kafin nan, Douglas Wallace da abokan aikinsa sun nuna cewa daga uwa kaɗai ake gadon zoben. Namiji yana da shi, daga mahaifiyarsa ya samo, amma ba ya ba ƴaƴansa. Shi ya sa masu binciken asalin al'umma suka yi caa a kansa. Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson sun gwada na mutum 147 a 1987 suka ga saiwar tana komawa Afirka. A 1996 Elizabeth Watson da abokan aikinta suka wallafa nazarin da ya haɗa da Hausawa da Fulani da Barebari da Buzaye. Mutanenmu sun shiga wannan fage tun da wuri, sai dai a matsayin waɗanda ake ɗibar jininsu, ba masu riƙe da kwalbar ba.

Kowace ƙwayar halitta tana riƙe da kwafe ɗaruruwa ko dubbai na zoben nan, ƙwan mace kuwa fiye da dubu ɗari. Kuma ba sau ɗaya ake kwafarsa a huta ba. Ko a zuciya da ƙwaƙwalwa, inda ƙwayoyin halitta suka daina rabuwa, tsoho yana lalacewa ana sake rubuta sabo muddin rai. Aikin ya yi kama da na masu kwafar littafi da hannu a zauren malam: wani yana buɗe shafi, wani yana danne shi kada ya rufe, shi kuma marubuci yana rubutawa, in ya yi kuskure ya koma ya goge ya gyara. Mai buɗewar shi ne furotin da aka kira Twinkle, wanda ke warware igiya biyu na DNA. Mai dannewar shi ne mtSSB, wanda ke lulluɓe igiyar da aka ware. Marubucin shi ne folimeras gama. Abin lura a nan, wanda za mu dawo kansa, shi ne umarnin ƙera waɗannan ma'aikata uku ba a cikin zoben uwa yake ba. A cibiya yake, saboda haka uwa da uba duka suna da hannu a cikinsa.

An fara jin ɗuriyar folimeras gama a 1972 a ɗakin gwajin Arthur Weissbach a Amurka, kuma a 1977 aka tabbatar cewa a cikin mitokondiriya yake aiki. Daga nan tafiya ta yi nauyi kusan shekara ashirin. Ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙwayar halitta, sauran ƴan'uwansa na cibiya sun rinjaye shi, kuma da an fasa ƙwayar don a ciro shi sai wasu sinadarai su fara yayyanka shi. Mai bincike zai tara hanta ko mabiyiya ko ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, ya shafe makonni yana tacewa a ɗaki mai sanyi, a ƙarshe ya samu abin da bai isa gwaji biyu ba, kuma gauraye. Masana sun daɗe suna gardama a kan girmansa ma, domin kowa guntun da ya samu yake aunawa. Laurie Kaguni ta yi dabara a 1986 ta tace shi daga ƙwayayen ƙudan ƴaƴan itace, waɗanda ke cike da mitokondiriya. Françoise Foury a Beljiyam ta gano umarnin gadonsa a cikin yis a 1989. Na ɗan Adam dai yana nan ba a kama shi ba.

Mafita ta zo daga wani fage daban. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna cewa ana iya yanko umarnin gado daga wata halitta a dasa shi a cikin bakteriya, ita kuma ta karanta ta yi aiki da shi. Da wannan dabara aka ƙera insulin na mutum a 1978, ya shiga kasuwa a 1982. Da ita aka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B a cikin yis a 1986, wanda Nijar ta sa cikin allurar jarirai mai rigakafi biyar a 2008. Duk uwar da ta kai jaririnta awo a Tsibiri ko Cadakwari aka yi masa wannan allura, furotin ɗin ɗakin gwaji aka sa masa, ko da ba a gaya mata ba.

Amma bakteriya ba kowane furotin take iya ƙerawa da kyau ba. Babba mai lanƙwashe-lanƙwashe irin folimeras gama yakan fito mata a dunƙule, ba ya aiki. A nan tsutsa ta shigo. A shekarun 1970 James Vaughn, wani ma'aikacin hukumar noma ta Amurka, ya ciro ƙwayoyin halitta daga jakar ƙwai ta wata tsutsa mai ɓarnar masara, wadda masana ke kira Spodoptera frugiperda, ya rene su a kwalba suka ci gaba da hayayyafa. Burin irin wannan aiki a lokacin shi ne nazarin bairos ɗin da ke kashe ƙwari, don a yaƙe su da shi. A 1983 Gale Smith da Max Summers na wata jami'a a Teksas suka juya abin. Bairos ɗin nan mai suna bakulo, idan ya shiga ƙwayar halittar tsutsa, yakan tilasta mata ƙera wani furotin nasa mai yawan gaske. Sai suka cire umarnin wannan furotin suka sa na mutum a gurbinsa. Ƙwayar tsutsar ba ta bambancewa, abin da aka ba ta shi take ƙerawa. Zuriyar waɗannan ƙwayoyi da ake kira Sf9 tana cikin ɗakunan gwaji a duk duniya har yau.

Ita wannan tsutsa ba a san da ita a Afirka ba sai farkon 2016, lokacin da aka fara ganinta a Nijeriya da wasu ƙasashen gaɓar teku. Ba a jima ba ta iso Nijar, ta shiga masara da dawa, ta zama abin da manoma da masu binciken ƙwari na cibiyar INRAN da ke Maraɗi ke fama da shi. Manomin da ya ɓare kunnen masara ya tarar da ita kwance cikin kashinta yana da dalilin tsine mata. Amma jinsinta ɗaya da wadda aka ciro Sf9 daga jikinta, kuma ta hanyar ƙwayoyinta aka samu furotin da ya bayyana abin da ke cutar da ɗan'uwansa mai shan magani.

A 1996 Philip Ropp da William Copeland, a wata cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke jihar Karolina ta Arewa, suka ware umarnin gadon folimeras gama na mutum. Sunansa POLG, yana kan kuromosom na 15, kuma furotin da yake ƙerawa sarƙa ce mai ɗauri 1,239. Shekara biyu bayan haka, a 1998, ɗakin Copeland da na Kenneth Johnson, kowanne a nasa ɓangare, suka ƙera shi a cikin ƙwayoyin tsutsa. A 1999 aka ƙara da mataimakinsa, wani ƙaramin furotin da ke riƙe shi a kan igiyar DNA don ya yi dogon rubutu ba tare da ya suɓuce ba. Shi wannan mataimaki bakteriya ma tana iya ƙera shi.

Yadda aikin yake, a taƙaice, ana dasa POLG a cikin bairos, a zuba shi a kwalbar da ƙwayoyin tsutsa ke iyo cikin ruwan abinci, a ɗumin da bai wuce digiri 27 ba. Bayan kwana biyu zuwa uku a tattara ƙwayoyin a fasa su. Tun da farko an liƙa wa furotin ɗin wata ƴar wutsiya mai kama ƙarfen nikel, saboda haka idan aka bi da ruwan ta cikin bututu mai nikel, shi zai maƙale, tarkace ya wuce. A wanke, a sake tacewa, a ajiye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Abin da a da ake shan wahalar makonni a samu ɗigo, yanzu ɗalibi yana haɗa shi cikin ƴan kwanaki, kuma akwai kamfanonin da ke sayar da shi a ƙananan kwalabe ga masu bincike. Mafi muhimmanci, mai bincike yana iya canza harafi ɗaya a cikin umarnin da gangan, ya ƙera furotin mai irin lahanin da aka gani a jikin majiyyaci, ya gwada shi da lafiyayye.

Buƙatar wannan ta riga ta bayyana, kuma da rayuka aka biya. Magungunan sida na farko, AZT da aka amince da shi a 1987, da ddI a 1991, da ddC a 1992, da istabudin a 1994, dabararsu ɗaya ce. Haruffan bogi ne. Bairos ɗin sida yana ɗaukar su ya sa cikin rubutunsa yana zaton na gaske ne, daga nan rubutun ya tsaya cak. Matsalar ita ce folimeras gama ma yana ruɗuwa da wasunsu. A 1990 Marinos Dalakas ya nuna lalacewar mitokondiriya a tsokar masu shan AZT. Sai kuma abin da ya faru a 1993 a cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Betesda. Ana gwada wani sabon magani na ciwon hanta nau'in B mai suna fiyaluridin a kan mutum 15. An gwada shi a ɓeraye da karnuka da birai ba a ga wannan illa ba. A watan Yuni aka dakatar da gwajin cikin gaggawa, amma bakin alƙalami ya bushe: hantar mutum 7 ta lalace, 5 suka rasu, 2 suka tsira bayan an yi musu dashen hanta. Bincike ya nuna maganin ya shiga cikin DNA ɗin mitokondiriyarsu ya hana shi kwafuwa. Ciwon hantar nan shi ne wanda ke addabar Yammacin Afirka fiye da yawancin yankunan duniya, wanda sau da yawa sai ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce a nufi mai magani. Da fiyaluridin ya tsallake wannan gwaji ya shiga kasuwa, ƙasashenmu ne za su fi shansa.

Da furotin ya samu a kwalba, sai aka daina hasashe aka koma awo. A 2001 Allison Johnson da Kenneth Johnson da Karen Anderson da abokan aikinsu suka ɗauki magungunan ɗaya bayan ɗaya suka auna abu biyu: saurin da folimeras gama ke karɓar harafin bogi, da saurin da yake iya komawa ya cire shi. Suka tarar tazarar da ke tsakanin mafi guba da mafi sauƙi ta haura ninki 500,000. A sahun gaba akwai ddC da ddI da istabudin. Can nesa a ƙasa akwai lamibudin da tenofobir da abakabir. Ɗakin Copeland ya fitar da sakamako mai kama da wannan a shekarar. Jerin ya yi daidai da abin da likitoci ke gani a asibiti, in ban da AZT, wanda daga baya aka fahimci yawancin illarsa ta wata hanya take bi. Wannan ya koya wa masana cewa folimeras gama ba shi kaɗai ne ƙofar guba ba. Duk da haka, daga lokacin ya zama al'ada a gwada sabon maganin bairos irin wannan a kan furotin ɗin mitokondiriya tun kafin ya kai bakin mutum.

Yanzu a dubi shekarar da kyau. A watan Fabrairu na 2001 ɗin nan ne Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya yi tayin maganin sida mai haɗin uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a wuni, alhali a ƙasashen Turai da Amurka ya haura dala 10,000. Haɗin shi ne Triomune, kuma istabudin na ciki. Wato shekarar da awo ya sa istabudin cikin mafi cutarwa ita ce shekarar da ya zama ginshiƙin ceton Afirka. Nijar, wadda ta sanar da mai sida na farko a 1987, ta ƙaddamar da shirinta na raba magani mai suna INAARV a 2004, ya faro daga Yamai ya bazu zuwa jihohi har da Maraɗi. A daidai wannan shekara Amurka ta cire istabudin daga sahun magungunan da ake fara ba majiyyaci.

Ba na ganin laifin waɗanda suka kawo Triomune. A 2001 zaɓin da ke gaban talakan Afirka ba istabudin ko tenofobir ba ne, istabudin ne ko kabari, kuma miliyoyin mutane suna raye yau saboda shi. AZT ya fi tsada, yana kuma rage jini, abin tsoro a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini da ƙarancin abinci suka riga suka tsotse jinin jama'a. Tenofobir kuwa sabo ne a lokacin, a hannun kamfani ɗaya. Abin da ke damuna shi ne jinkirin da ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage yawan istabudin daga miligiram 40 zuwa 30 a 2007, sannan sai ƙarshen Nuwamba 2009 ta ce ƙasashe su fara janye shi, kuma janyewar ta ɗauki shekaru. Sai 2013 haɗin da ke da tenofobir ya zama zaɓi na farko. Tsakanin 2001 da 2013 babu wani ilimi da ake jira, farashi ake jira ya sauka. Kuma kitsen fuskar da istabudin ya cinye ba kasafai yake dawowa ba ko an canza magani. Shi ma tenofobir ba a ce ba shi da aibi ba, yana iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake son awon ƙoda ga mai shansa, ko don sida ko don ciwon hanta.

A ɗaya ɓangaren, aikin ɗakin gwaji ya ci gaba. A 2001 Johannes Spelbrink da abokansa a birnin Tampere na Finlan suka gano Twinkle, suka kuma lura yana kama da furotin ɗin wani bairos mai cin bakteriya da ake kira T7, kamar yadda shi ma folimeras gama yake kama da na wannan bairos. A 2004 Maria Falkenberg da ɗalibarta Jenny Korhonen a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka haɗa ma'aikatan uku a kwalba ɗaya, dukansu ƙirar ɗakin gwaji. Folimeras gama da Twinkle su biyu sun rubuta harafi kusan 2,000. Da aka ƙara mtSSB sai rubutun ya kai kusan 16,000, tsawon zoben uwa ke nan. A 2009 Whitney Yin a Teksas ta fitar da siffar folimeras gama, kowane lanƙwasa a wurinsa, aka ga inda harafi ke shiga da inda ake gyaran kuskure.

Gano POLG ya buɗe ƙofa ta biyu, ta cututtukan gado. A 2001 masu bincike a Antwerp ta Beljiyam suka gano lahani a POLG ga iyalan da fatar idonsu ke saukowa, ƙwayar idon ta daina juyawa. A 2004 Robert Naviaux ya nuna cewa lahani a POLG ne ke kawo cutar Alpers, wadda ke kama yaro ƙarami da farfaɗiya mai wuyar tsayawa, ya manta abin da ya koya, daga baya hanta ta gaza. Zuwa yau an lissafa canje-canje fiye da 300 a wannan umarni guda. Daga nan aka fahimci dalilin da ya sa maganin farfaɗiya balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Dépakine, ke lalata hantar wasu yara alhali yana taimakon dubbai. Hukumomin magunguna na Turai da Amurka sun hana ba da shi ga wanda aka san yana da lahanin POLG. A 2025 kuma ɗakin Falkenberg da Claes Gustafsson a Gotenbag ya wallafa gano wani sinadari mai suna PZL-A, wanda ke farfaɗo da ƙarfin folimeras gama mai lahani. An samo shi ne ta hanyar gwada sinadarai masu yawa a kan furotin ɗin kwalba. Bai zama magani a kanti ba tukuna, amma hanya ce da a da babu ita.

A nan ne maganar uwa da uba ta dawo. Mafi tsananin waɗannan cututtuka sai yaro ya gaji lahanin daga iyaye biyu, kuma damar haka tana ƙaruwa inda ake auren zumunci, wanda ba baƙon abu ba ne a Gobir da Katsina da ƙasar Hausa baki ɗaya. Kowace al'umma kuma da irin nata canjin. A Finlan an gano mutum 1 cikin 125 yana ɗauke da wani lahani na POLG da suka gada daga kaka ɗaya. A Afirka ta Kudu, da masu bincike na Kef Tawun suka duba jariran da ke mutuwa da ciwon hanta, sun wallafa a 2018 cewa wani lahani a umarnin gado mai suna MPV17, wanda shi ma ke ƙarar da zoben mitokondiriya, yana jikin jariri baƙar fata 1 cikin 68. Cutar tana nan tun fil azal, ba a sa mata suna ba sai da aka duba. Yaron da aka kawo asibitin Gidan Rumji yana sanƙarewa, mafi yawan lokuta zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa, ko sanƙarau, kuma daidai ne likita ya fara da su. Amma gidan da aka binne yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya, farfaɗiya sannan shawara, ya cancanci amsar da ta wuce a ce iska ce. Mutanen Afirka sun fi kowa bambancin rubutun gado a duniya, kuma idan aka ga baƙon harafi a POLG ɗin Bahaushe, ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatar da ko cuta ne ko bambanci ne kawai ita ce a ƙera furotin ɗin da wannan harafi a auna aikinsa.

Kada a ce irin wannan bincike ya fi ƙarfin jihar Maraɗi. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren yara na asibitin Gidan Rumji, kuma reshenta na bincike, Epicentre, yana da cibiya a Maraɗi. A gundumar Madarumfa aka gwada rigakafin gudawar rota mai jure zafi a kan jarirai kusan 3,500, sakamakon ya fito a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya a 2017, kuma ma'aikatan lafiya ƴan ƙasa ne suka bi gida-gida suka yi aikin. Akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da sashenta na kimiyyar lafiya, akwai cibiyar CERMES a Yamai. Ba lallai ne a fara da renon ƙwayoyin tsutsa ba. Matakin farko shi ne kowace likita ta riƙa rubuta illar magani idan an kawo kuka, a tura rahoton sama, don kada a sake shafe shekaru ana shan abin da ke cutarwa ba tare da alƙaluman gida ba. Na biyu shi ne a samu wutar da ba ta yankewa da na'urar sanyi don ajiye jinin yaran da ciwonsu ya gagari ganewa, da yardar iyayensu. Ina kira ga ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi su ware wa Jami'ar Maraɗi kuɗin na'urar karanta DNA da horar da ɗaliban da za su riƙe ta, kuma duk yarjejeniyar da za a ƙulla da ɗakunan gwaji na waje a rubuta a cikinta cewa sakamakon zai dawo ga likitan da ya ɗebi jinin da iyalan da suka bayar.